Sawun zaɓen 1870 a cikin ƙanƙarar Manitoba

Jegon 'yata ne ya kai ni Kanada. Daga Abuja muka tashi, muka sauya jirgi a Turai, muka sake sauyawa a Toronto, sannan muka nausa yamma zuwa Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba. Ta tagar jirgi ba abin da ido ke gani sai fili fari fat, hanyoyi sun yayyanka shi murabba'i-murabba'i har iyakar gani. Da muka matso kusa da gari sai yankan ya sauya. Gonakin bakin kogi dogaye ne sirara, kowace ta sa kanta a ruwa ta miƙe da jelarta cikin fili. Na yi shekaru ina koyar da tarihi a sakandare, na kuma san duk inda ka ga awon ƙasa iri biyu sun yi karo da juna, to akwai labari a ƙarƙashi.

Watan Disamba ne, sanyin kuwa ba ya faɗuwa da baki. Akwai ranakun da yake kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili. Kana fita, numfashinka ya daskare a bakin mayafi, hawayen da iska ta jawo ya tsaya a gashin ido. Motoci da yawa za ka ga wayar lantarki tana reto a hancinsu, da dare a jona ta a bango don kada inji ya ƙi tashi da safe. Rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe takwas, huɗu da rabi kuma magariba ta yi, azahar da la'asar suna bin juna ba tazara. Makonnin farko ko ƙofar gida ban taka ba, wankan jego da kunun kanwa da rainon jaririya sun ishe ni. Sai da mai jego ta warware surukina ya ce, "Umma, bai kamata ku zo har nan ku koma ba ku ga gari ba. Na san ku da son tarihi." A gida da kunya ba za ta bar ni in shiga mota daga ni sai shi ba, amma baƙunta tana sassauta wasu abubuwa.

Kudu muka fara yi, ta titin Pembina, muka wuce Jami'ar Manitoba muka isa St. Norbert, inda ƙaramin kogin La Salle ke zuba a Kogin Red. Unguwa ce shiru, da tsohon coci da maƙabarta, allunan titi da Faransanci da Ingilishi. A nan ne mutanen ƙasar suka datse hanya da shinge a ƙarshen 1869, suka ce ba mai shigowa da sunan gwamna sai an yi magana da su.

Su wane ne mutanen ƙasar? Tun 1670 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya mallaka wa kamfanin Hudson's Bay duk yankin da ruwansa ke gangarawa mashigin tekun Hudson. Sana'ar kamfanin sayen fatu ce. Ma'aikatansa da na abokin gasarsa, kamfanin North West, wasu Faransawan Quebec ne wasu 'yan Scotland, suka auri matan ƙabilun Cree da Ojibwe, aka hayayyafa har aka zama al'umma mai zaman kanta, wadda ake kira Métis. Suna farautar ɓauna a dawa, suna dakon kayan kamfani da amalanke da kwalekwale, suna noma waɗannan dogayen gonakin da na hango daga sama. An yanka su haka ne don kowane gida ya sami bakin ruwa da itace da ciyawar dabbobi, maƙwabci kuma yana kusa. Wasunsu Katolika ne masu Faransanci, wasu Furotesta masu Ingilishi. A 1869 kamfani ya amince ya miƙa ƙasar ga sabuwar tarayyar Kanada a kan fam 300,000. An yi cinikin a Landan, ba wanda ya tuntuɓi ko mutum ɗaya daga cikin masu zama a kanta. Tun kafin miƙawar ta tabbata Kanada ta turo 'yan safiyo suka fara awo murabba'i. Ranar 11 ga Oktoba 1869 suka shiga filin wani mai suna André Nault, sai ga ayarin mahaya dawaki, suka taka sarƙar awon suka ce a tsaya. Wanda ya yi magana da yawunsu saurayi ne da bai cika 25 ba, wanda ya yi karatu a Montreal. Sunansa Louis Riel. Gwamnan da Kanada ta naɗa, William McDougall, aka mayar da shi daga kan iyakar Amurka a Pembina. Ranar 2 ga Nuwamba kuma suka karɓe ganuwar kamfani ta Upper Fort Garry ba tare da an zubar da jini ba.

Abin da ya rage na ganuwar nan yau ƙofa ɗaya ce ta dutse, a gefen titin Main, daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, dogayen benaye sun yi mata rumfa. Na sa hannu cikin safa na taɓa duwatsun, ban iya jimawa a tsaye ba saboda iska. Amma a farfajiyar nan, ranakun 19 da 20 ga Janairu 1870, mutum wajen dubu suka tsaya sa'o'i a fili cikin irin wannan sanyi, suna sauraren wakilin da Firayim Minista John A. Macdonald ya aiko, wani jami'in kamfani mai suna Donald Smith, Riel yana yi masa tafinta. Daga wannan taro aka yanke cewa kowace gundumar coci ta zaɓo wakilanta, 20 daga masu Faransanci, 20 daga masu Ingilishi. Bayan su aka kafa Majalisar Dokokin Assiniboia, wadda ta fara zama a watan Maris. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Raba kujeru daidai-wa-daida tsakanin ɓangarorin biyu ba Ottawa, babban birnin Kanada, ta koya musu ba, su suka zauna suka tsara abinsu, tun kafin a san za a yi wani lardi mai suna Manitoba.

Sun yi kuskure ɗaya mai girma, kuma ba zan rufe shi ba don ina tausayinsu. Ranar 4 ga Maris 1870 gwamnatin wucin gadi da suka kafa ƙarƙashin Riel ta harbe wani fursuna, Thomas Scott, Furotesta da ya zo daga Ontario, bayan shari'ar kotun soja ta gaggawa. Ko me ya yi na tsageranci a kurkuku, bai kai a ɗauki ransa ba. Jinin nan ya bi Riel har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka wakilai uku suka tafi Ottawa, babbansu a wajen ciniki shi ne limamin cocin St. Norbert, Fada Noël-Joseph Ritchot. Suka dawo da Dokar Manitoba, wadda aka sa wa hannu ranar 12 ga Mayu, ta fara aiki 15 ga Yuli 1870. Lardi na biyar a tarayya, ɗan ƙarami sosai a lokacin, har ana yi masa laƙabi da kan sarki na wasiƙa. Dokar ta ba da majalisa mai kujeru 24, ta daidaita Faransanci da Ingilishi a majalisa da kotu, ta kare makarantun kowace ɗarika, ta kuma keɓe eka miliyan 1.4 ga 'ya'yan Métis. Abu ɗaya ne Ritchot bai samu a rubuce ba, wato afuwa ga waɗanda suka jagoranci tirjiyar. Da baki aka yi masa alkawari.

Kafin gwamna ya iso, soja suka riga shi. Ranar 24 ga Agusta Kanar Garnet Wolseley ya shigo da dakaru wajen 1,200, bayan doguwar tafiya ta tafkuna da dazuzzuka. Riel ya sami labari cewa ba da alheri suke tafe ba, ya fice ta gadar kwalekwale, ya ƙetare zuwa ƙasar Dakota a Amurka. Da muke wucewa ta wata unguwa mai tsofaffin gidaje da manyan itatuwa na ga allo an rubuta Wolseley, na ce, "Malam, tsaya, wannan sunan ai na san shi." Shi ne dai Wolseley ɗin da na sha koya wa ɗalibai a darasin yaƙin Asante, wanda ya ƙone Kumasi a Fabrairu 1874, yaƙin da aka kai sojojin Hausa na Kyaftin Glover daga Legas. Daga bakin Kogin Red sai ga shi a dajin Gwalkwas bayan shekara uku, har da wasu hafsoshin da suka yi wannan tafiyar tare. Surukina ya ce kullum yana bin titin, bai taɓa kawo hakan a ransa ba.

Sojojin Birtaniya ba su jima ba suka koma. Aka bar 'yan sa-kai na Ontario da Quebec, kuma da yawa daga na Ontario sun shiga soja ne da niyyar ɗaukar fansar Scott. Wata rana da rana ta ɗan fito muka ajiye mota a The Forks, inda kogin Assiniboine ke haɗuwa da Red, muka taka gadar ƙafa ta Esplanade Riel zuwa St. Boniface. Kogin ya daskare, daga kan gada kana ganin sawun mutane a kansa. Faɗinsa ba kaɗan ba ne. Ranar 13 ga Satumba 1870 wasu suka gane Elzéar Goulet a cikin ƙauyen Winnipeg, ɗaya daga waɗanda suka zauna a shari'ar Scott. Suka biyo shi a guje, ya faɗa ruwan nan yana neman ya haye zuwa ga danginsa, suka yi ta jifansa da duwatsu har ya nutse. Ba a hukunta kowa ba. Akwai ɗan wurin shaƙatawa da aka sa wa sunansa a wannan gaɓar. A watannin da suka biyo baya duka da barazana suka zama ruwan dare, har Métis da yawa suka daina shiga gari. A ƙarshen Nuwamba, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, wani dattijo mai wa'azi, James Tanner, ya tashi daga taron siyasa a Poplar Point, aka firgita dokinsa, ya faɗo daga keken doki ya mutu. A cikin wannan hali aka shirya zaɓen farko.

Gwamna Adams George Archibald, mutumin Nova Scotia, ya iso ranar 2 ga Satumba. Na karanta abin da ya yi, kuma ina ganin ya cancanci a yaba masa. Bai yi gaggawa ba. Ya fara ɗaukar mashawarta biyu, Alfred Boyd daga masu Ingilishi da Marc-Amable Girard daga masu Faransanci. Sannan ya sa aka yi ƙidaya gida-gida. Aka sami mutum 11,963: Métis masu Faransanci 5,757, 'yan uwansu masu Ingilishi 4,083, Turawa 1,565, sai 558 da aka rubuta a matsayin 'yan ƙabilun asali. Wato cikin kowane mutum goma, takwas jinin auratayyar nan ne. Da wannan lissafi a hannu ya yanka mazaɓu 24 bisa tsoffin gundumomin coci na bakin kogi, 12 ga wannan ɓangare, 12 ga wancan. Tsarin da mutanen suka yi wa kansu a farkon shekarar, shi ya bi.

Mai ƙuri'a dole ya zama namiji, ɗan shekara 21 ko fiye, talakan Sarauniyar Ingila, kuma magidanci mai zaman gidan kansa a mazaɓar. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya yi amfani ƙwarai, domin ya hana tarin sojojin da suka zo jiya-jiya su rinjayi 'yan gari. Mata kam babu su a lissafi, ko da mace ce ke riƙe da gida da gona. Idan ka raba mutum dubu goma sha biyu gida 24, kowace mazaɓa ba ta wuce mutum ɗari biyar ba, har da mata da yara, don haka masu zaɓen kowa ya san kowa. Kuma babu akwati, babu takarda, babu labule. Mutum zai zo gaban jami'in zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da babbar murya, a rubuta, jama'a suna ji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yar tinƙe ya san nauyin wannan, ka nuna zaɓinka a gaban wanda kake bin bashi da wanda ke bin ka. To ka ƙara da sojoji masu jin haushi suna yawo a gari. Ƙuri'ar sirri ba ta zauna daram a Manitoba ba sai 1888.

A kwanakin ƙarshe na Disamba 1870 aka yi zaɓen. Jam'iyyu irin na yau babu su. Akwai masu goyon bayan sulhun da Archibald ke nema, akwai kuma ƙungiyar Dakta John Christian Schultz, likita kuma ɗan kasuwa, wanda Riel ya taɓa tsarewa ya gudu daga kurkuku, ya tafi Ontario yana hura wutar fansa. A yawancin mazaɓun Faransanci ba a ma yi takara ba, an riga an daidaita a kan mutum ɗaya, ya wuce babu hamayya. Inda ido ya koma shi ne mazaɓar Winnipeg da St. John. Winnipeg a lokacin ƙauye ne da mutanensa ba su kai 300 ba. Schultz da kansa ya tsaya, Donald Smith ya kara da shi. Ƙuri'un da aka faɗa gaba ɗaya ba su kai 150 ba, Smith ya ci da ratar da ba ta kai goma ba. Da labari ya bazu, 'yan sa-kai na Ontario suka fito suka yi tarzoma a gari. A lardin baki ɗaya mutanen Schultz ba su wuce kujera biyar ba.

Idan ka bi sunayen waɗanda suka ci, za ka ga gwamnatin da soja suka zo tarwatsawa ta dawo ta ƙofar majalisa. Louis Schmidt, abokin karatun Riel kuma sakatarensa, ya ci St. Boniface ta Yamma. André Beauchemin ya ci St. Vital, unguwar dangin Riel. Pierre Delorme ya ci St. Norbert ta Kudu. Thomas Bunn, wanda ya riƙe babban muƙami a gwamnatin wucin gadi daga ɓangaren masu Ingilishi, ya ci St. Clements. Daga High Bluff aka turo wani matashi, John Norquay, shi ma jinin ƙasar ne, wanda daga baya ya yi firimiya, wato shugaban gwamnatin lardin, daga 1878 zuwa 1887. Mutanen da ake duka a kan titi sun fito cikin tsananin hunturu sun faɗi zaɓinsu da baki, kuma zaɓin bai yi wa masu dukan daɗi ba. Wannan jarumta ce, ba na kokwanto.

Sai dai akwai abin da ya dame ni a jerin sunayen. Kujeru huɗu daga na ɓangaren Faransanci lauyoyi ne 'yan Quebec suka hau su: Girard, Joseph Royal, Joseph Dubuc da Henry Clarke. Babu ɗayansu da ya cika shekara a ƙasar. An jawo su ne, da hannun Bishop Taché, shugaban Katolika na St. Boniface, da manyan 'yan siyasar Quebec a ciki, don a sami masu ilimin doka da za su iya ja da 'yan Ontario. Hujjar tana da ƙarfi, kuma Dubuc abokin Riel ne tun suna makaranta. Amma manyan muƙamai hannunsu suka tafi: Royal ya zama kakaki, Girard ma'aji, Clarke antoni janar. Abin da ya fi damun baƙon lauya shi ne harshe da makaranta da coci. Abin da ke hana manomin bakin kogi barci shi ne takardar gonarsa. Biyun suna tafiya tare wani lokaci, amma ba abu ɗaya ba ne. Shi kuwa Riel, wanda ya jawo aka sami lardin da majalisar, yana can St. Joseph a Dakota yana jin sakamako daga bakin matafiya.

Kabarinsa yana harabar babban cocin St. Boniface. Cocin ya ƙone a 1968, aka bar bangon gaba a tsaye da wani ƙaton rami zagayayye inda gilashi yake a da, aka gina sabo a bayansa. Dutsen kabarin ja ne, ba wani ƙawa, an rubuta sunansa da ranar 16 ga Nuwamba 1885. Sau uku mutanen mazaɓar Provencher suka zaɓe shi zuwa majalisar tarayya a 1873 da 1874, bai taɓa zama a kujerar ba don ana neman kansa. A 1875 aka ba shi afuwa bisa sharaɗin ya bar ƙasar shekara biyar. A 1885 ya jagoranci tirjiya ta biyu a Saskatchewan, aka kama shi, aka rataye shi a Regina. Kwana tara kafin ratayar, Donald Smith ne ya buga ƙusa ta ƙarshe ta layin dogon da ya haɗa gabashin Kanada da yammacinta, layin da ya kai sojojin da suka murƙushe tirjiyar. Schultz da ya faɗi zaɓen 1870 ya zama ɗan majalisar tarayya, ya zama sanata, a 1888 kuma aka naɗa shi gwamnan Manitoba. Wata dattijuwa da muka tarar tana share ƙanƙara daga kan wani kabari na kusa ta gaishe mu da Faransanci, ta ga mayafina ta tambayi daga ina nake. Da surukina ya gaya mata abin da ya kawo mu, sai ta ce kakanninta a St. Vital suke da gona, yanzu wajen duk gidaje ne da kantuna. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban matsa ba.

Majalisar da aka zaɓa ba ta da gini. Ranar 15 ga Maris 1871 ta fara zama a gidan wani attajiri, A.G.B. Bannatyne, kusa da inda titin McDermot ya ratsa Main a yau. Mun zaga wajen da ƙafa, tsofaffin benayen bankuna da rumbunan 'yan kasuwa ne ko'ina, gidan kansa ya ƙone tun Disamba 1873. Sandar majalisar ta farko ma da cibiyar ƙafar amalanke aka sassaƙa kanta. Uwargidan wannan gida, Annie McDermot, 'yar Métis ce, kuma ita ce ta tsare wani marubuci ɗan Ontario, Charles Mair, a 1869 ta zane shi da bulalar doki a bainar jama'a, saboda ya ci mutuncin matan ƙasar a wasiƙun da jaridar Toronto ta buga. A gidanta aka yi dokokin farko na lardin, ita kuwa ba ta da ƙuri'a. Sai ranar 28 ga Janairu 1916 matan Manitoba suka samu, kuma su ne na farko a duk lardunan Kanada.

Daidaiton 12 da 12 bai yi tsawon rai ba, kuma ba a akwatin zaɓe aka fara rushe shi ba, a ofishin filaye ne. Rabon eka miliyan 1.4 yana hannun gwamnatin tarayya. Aka fara, aka soke, aka sake lissafi, aka sake sokewa, sai da aka haura shekara goma ba a kammala ba. Kafin nan baƙi daga Ontario sun yi ta kwararowa suna kama wuri, 'yan baranda kuma suna bin gida-gida suna sayen haƙƙin yara da kuɗi kaɗan, tun yaran ba su san inda filin yake ba. Yara 993 ma ba su sami fili ba sam, takardar madadin kuɗi aka ba su. Iyalai da yawa suka ɗaure kaya a amalanke suka yi yamma, wajen Batoche da sauran wurare. Ƙidayar 1881 ta sami mutum sama da 60,000 a lardin da aka faɗaɗa. Duk sanda aka sake yanka mazaɓu, kason masu Faransanci ya ragu. A 1876 aka rushe ƙaramar majalisar dattawa ta mutum bakwai, wadda ake wa kallon garkuwar marasa rinjaye, wai don a rage kashe kuɗi. A 1890 gwamnatin Thomas Greenway ta cire Faransanci daga majalisa da kotu, ta daina ba makarantun Katolika kuɗi. Shekara ashirin kacal bayan zaɓen farko ke nan.

Ginin majalisar na yanzu, wanda aka buɗe 15 ga Yuli 1920, yana kan titin Broadway, da mutum-mutumin zinariya a ƙololuwarsa yana fuskantar arewa. Ana shiga kyauta bayan an duba jaka. Wasu ɓaunaye biyu na tagulla suna gadin matakala, kuma idan ka matsa kusa da bango za ka ga ƙwarangwal ɗin halittun ruwa na zamanin da a cikin dutsen, ƙanana da manya. Na daɗe ina bin su da yatsa. Kujerun zauren yanzu 57 ne. Mai yi mana jagora, wata budurwa, tana bayani da Ingilishi tana juyawa Faransanci ga wasu baƙi. Yadda Faransancin ya dawo ma labari ne. Wani mai sana'ar inshora a St. Boniface, Georges Forest, aka ba shi takardar tarar ajiye mota da Ingilishi zalla, ya ƙi biya, ya bi shari'a har Kotun Ƙoli. A Disamba 1979 kotu ta ce dokar 1890 ta saɓa wa tsarin mulki. A 1985 ta ƙara da cewa duk dokokin lardin da aka yi da harshe ɗaya sai an fassara su an sake zartarwa.

'Yan ƙabilun asali masu rajistar yarjejeniya, waɗanda aka ƙwace wa ƙuri'a a ƙarni na 19, sai 1952 aka mayar musu a Manitoba. A Oktoba 2023 ɗansu, Wab Kinew, ya ci zaɓe ya zama firimiya, kuma cikin dokokin farko da gwamnatinsa ta kawo akwai wadda ta ba Riel matsayin firimiyan Manitoba na farko na girmamawa. Mutum-mutumin Riel yana bayan ginin, ta wajen kogin Assiniboine, riƙe da takarda a hannu. Tun 2008 kuma Litinin ta uku a watan Fabrairu hutu ce da sunansa.

A mota surukina ya ce, "Umma, ai kun ga an gyara, an ba shi haƙƙinsa." Na ce, "An ba shi suna, Malam, kuma suna ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba don suna suka taka sarƙar 'yan safiyo ba." Ƙungiyar Métis ta Manitoba ta shigar da ƙara kan filayen a 1981. Sai ranar 8 ga Maris 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin tarayya ba ta cika alkawarin 1870 yadda mutuncin Sarauta ya wajabta ba. Bayyana gaskiya kawai aka nemi kotun ta yi, shi ta yi. Ba ta ba da umarnin a mayar da ko eka ɗaya ba, ta bar sauran ga teburin tattaunawa tsakanin jikokin masu gonakin da gwamnatin Ottawa.